Malam Bamanga da Wasan Bappayo

Malam Bamanga ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da Hausa a wata sakandaren gwamnati a cikin garin Gombe, kuma babu wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. Dogo ne siriri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. A wata ruga yamma da Dukku aka haife shi. Yana ƙarami saniya ta take masa ƙafa, to da aka zo neman yaran da za a sa boko, sai danginsa suka duba wanda ba zai iya bin shanu zuwa mashekari ba, suka miƙa shi. Ta haka ya zama malami. Bai taɓa cewa an cuce shi ba, bai kuma taɓa cewa an taimake shi ba.

Da ya gama kwalejin horon malamai aka ba shi aiki a Gombe. Ya auri Kadijatu, 'yar kawunsa, ya sayi fili a Dawaki tun unguwar ba ta cika ba, ya riƙa ɗora bulo kaɗan-kaɗan har ya zama gida. Suka haifi 'ya'ya shida, huɗu suka rayu. Na fari namiji ne, Zaharadeen. Ta ƙarshe mace, Hikima.

Yadda aka rene shi haka ya yi da ɗan farinsa. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Bai taɓa kiran sunansa ba. In yana nemansa sai ya ce, "Ina wancan?" Da yaron ya girma ya ƙi karatu ya kama tuƙi, sai ya koma ce masa "direban gidan nan". Ba wanda ya ga abin magana a wannan. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya taso ya same ta, ko da yake 'yan birni na yanzu sun fara yi mata dariya.

A makaranta kuwa an san Malam Bamanga da wani tsohon littafin wasan kwaikwayo da ake karantawa a ajin ƙarshe. Wani malamin elemantare ne ya rubuta shi tun kafin mulkin kai, ana ce masa Malam Rabe. Yara ba su damu da sunan littafin ba, wasan Bappayo suke ce masa. Labarin ba shi da tsawo. An tafi da ɗan Bappayo "aikin gwamna" a wani wuri mai nisa. Uwar yaron tana kuka, maƙwabta suna zuwa jaje, shi kuwa Bappayo bai tambayi kowa labarin ɗansa ba ko sau ɗaya. Duk ranar kasuwa sai ya tafi wurin mai igiya ya zauna yana tayin igiyar jaki, ya ja ta, ya shinshina ta, ya ce ta yi tsada, ya tashi bai saya ba. Ranar da yaron ya dawo a rame, uban yana can yana ciniki, ko ɗaga kai bai yi ba. A nan wasan ya ƙare.

Akwai littafin jagora na malamai, wanda wani masani ya rubuta daga nesa. A ciki an ce Bappayo hoto ne na uba mai taurin zuciya, wanda abin duniya ya fi masa ɗansa. Wannan ce amsar da ke kawo maki a jarrabawa, ita Malam Bamanga ya koyar shekara da shekaru. Duk ƙarshen zango yakan sa yara su yi wasan a filin makaranta. A manna wa wani gemun auduga, ya fito yana shinshinar igiya, fili ya kaure da dariya. Shi ma Malam yakan murmusa. A kwaleji an koya masa cewa abin da ke cikin littafi daban, abin da ke gida daban, bai kuwa taɓa haɗa su ba.

A kakar shekarar 2014, lokacin da hanyoyin gabas suka lalace, Zaharadeen ya yi lodin wake da fasinja uku ya nufi Biu. Ya kira uwarsa daga Dadin Kowa ya ce zai dawo jibi. Daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba. Ba a ga motar ba, ba a ga fasinjojin ba. Wani direba ya ce ya ga hayaƙi a gefen hanya, wani ya ce ba ranar ba ce.

Kadijatu, wadda ita ma ba ta kiran sunan, ta ajiye kunya gefe. Ta ɗauki hotonsa na lasin ta shiga gari, Hikima na biye da ita: ofis-ofis, asibiti-asibiti, har ɗakin da ake ajiye gawa. Malam Bamanga bai bi su ko sau ɗaya ba. In an zo jaje ya ce, "Allah na nan," ya tambayi baƙon lafiyar iyalinsa. Amma da an tashi makaranta, ba ya zuwa gida. Sai ya hau Keke Napep zuwa bakin tashar da motocin gabas ke sauke fasinja, ya zauna a bencin wani mai gyaran takalmi, ya cire na ƙafar hagu ya miƙa masa. Takalmin yana cinyewa ta gefe ɗaya, gaskiya ne. Amma ba kullum ba. Mai gyaran yakan juya shi, ya buga ƙusa ɗaya don kada a ce bai yi komai ba, su yi ta hirar tsadar fata har la'asar sakaliya. Ko bayan da bam ya tashi a wata tasha a cikin gari, mutane suka daina zama kusa da tasha in ba dole, shi bai fasa ba.

Hikima tana ajin ƙarshe a lokacin, kuma a ajinsa take. Shekararta goma sha bakwai. Yayanta Zaharadeen ne ya yi mata komai tun tana ƙarama, shi ke kai ta makaranta, shi ke sayo mata awara in ya dawo daga tafiya. Hamma take ce masa.

Wata Asabar da hantsi Malam yana ɗakinsa yana duba takardun gwaji, ya ji ta a tsakar gida tana magana da uwarta. Ba ta rage murya ba.

"Inna, jiya mun wuni a tsaye a rana, ƙafarki har ta kumbura. Kin san inda Baba yake? Wurin mai takalmi."

"Rufe mini baki."

"Wata uku, Inna. Ko sau ɗaya kin ji ya ce ina Hamma? Ko a addu'a?"

"Na ce ki rufe mini baki, Hikima."

"Ashe Bappayo a gidanmu yake, muna ta yi masa dariya a makaranta."

Ya ji ƙarar mari, ya ji an shige ɗaki. Jan biron yana hannunsa. Takardar da ke gabansa ta wani yaro ce, ya rubuta cewa Bappayo mugun uba ne. Malam ya daɗe yana kallonta, sannan ya ba shi maki takwas cikin goma.

Daga ranar Hikima ta daina kawo masa abinci da kanta. Takan durƙusa ta gaishe shi da safe, kalma biyu, ta tashi. Bayan mako guda Kadijatu ta gaya masa cewa yarinyar ta kira goggonta da ke Kaduna, ta roƙe ta in ta gama jarrabawa ta koma can da zama. Ta ce ba za ta iya zama gida ɗaya da shi ba. Malam ya ce, "To." Saura wata biyar a yi jarrabawar.

A ɗakin malamai teburinsa yana kusa da na Malam Alfred, mai koyar da tarihi, mutumin wajen Kaltungo. Shekara ashirin suna tsokanar juna. Ran nan Alfred ya ɗauki littafin wasan daga kan teburin yana fifita da shi, sai ya buɗe.

"Kai Bafillace, kullum ina jin yaranka suna cewa ɗan Bappayo ci-rani ya tafi. Wa ya gaya muku?"

"Haka jagora ya ce."

"Jagora! Shi jagoran a ina aka haife shi? Duba nan. 'Aikin gwamna.' 'Ƙasar sanyi.' 'An rubuta sunansa a gidan dagaci.' Wannan ai ɗiban gwamna ne. Lokacin yaƙin Turawa na biyu, da aka riƙa kwasar samari da ƙarfi ana kai su haƙar kuza a dutsen Jos. Kakana ya je. Su bakwai suka tafi daga ƙauyenmu, uku suka dawo, shi ma da tari ya dawo, tarin da ya kai shi kabari." Ya ajiye littafin. "Ku dai kun iya kirga shanu, amma shekaru sun gagare ku."

Malam Bamanga bai rama ba, abin da bai saba ba. Alfred ya dube shi, ya sassauta.

"'Yar marubucin tana nan da rai, ka sani? A Kwadon. Goggo Barira. Wurinta matata ke sayen man gyaɗa."

Ranar Lahadi Malam Bamanga ya tafi. Kwadon ba nisa, amma a kan hanyar gabas take, kuma a makonnin nan an yi ta harbe-harbe ta wannan ɓangaren. Sau uku aka sauke su a shinge, suka wuce a ƙafa hannuwa a sama. Da ɗingishinsa shi ne na ƙarshe kowane karo, direba na yi masa tsawa.

Ya sami Goggo Barira a zaure tana tsince gyaɗa a faifai. Tsohuwa ce mai kaifin baki. Da ya faɗi abin da ya kawo shi sai ta yi dariya.

"Shekara nawa kana karantar da littafin Baba?"

"Talatin da ɗoriya."

"Sai yau ka ga hanyar Kwadon? To zauna. Me kuke cewa a kan tsohon?"

Ya gaya mata. Ta daina tsintar gyaɗar.

"Mugu? Kakana ne fa kuke zagi."

Ta ba shi labarin a hankali, tana yi tana korar kaji. Malam Rabe shi ne ɗan farin ubansa. Yana saurayi aka rubuta sunansa, aka tafi da shi kuza. Ya yi watanni a can yana kwana a bukka cikin sanyin da bai taɓa sani ba, yana binne abokan tafiyarsa. Da aka sallame su suka taho a ƙafa. Ya shigo gari ranar kasuwa, ya hangi ubansa a wurin mai igiya, ya tsaya a gabansa. Uban bai ɗaga kai ba. Malam Rabe ya riƙe wannan a zuciya shekara goma sha ɗaya, ba ya zama inda uban yake. Sai ranar da aka binne tsohon, mai igiyar ya zo gaisuwa, ya ja shi gefe.

"Ya ce masa, 'Ubanku bai da jaki. Bai taɓa yin jaki ba. Rumfata ce ta ƙarshe a kasuwa, ita ke kallon hanyar da kuke dawowa.' Ya ce ranar da Baba ya dawo, bayan ya wuce, tsohon ya kasa tashi, sai da aka kama shi." Ta watsa wa kaji ɓawon gyaɗa. "Mutum zai je ya tsaya a bakin hanya a ce me yake jira? Ɗan fari? Ai sai a yi da shi a gari."

Ta ce ya duba littafin, ai Baba ya rubuta. Malam Bamanga ya buɗe. A farkon fitowa ta biyu, cikin ƙananan haruffan da ke bayyana tsarin dandali, an rubuta: Rumfar mai igiya tana bakin hanya. Bappayo ya zauna yana fuskantar yamma. Ya karanta layin nan ya fi sau ɗari. Yakan ce wa yara su tsallake shi, ba a tambaya a kai. Ya bi littafin shafi-shafi yana neman inda aka ambaci jakin Bappayo. Babu.

"Da aka fara yin wasan a nan garin ina yarinya," in ji Goggo Barira, "ba wanda ya yi dariya. Tsofaffi tashi suka riƙa yi ɗaya-ɗaya suna fita. Duk sun san rumfar." Ta dube shi sosai a karon farko. "Kai kuma wa kake jira?"

"Babu kowa, Goggo."

"To. Allah ya kawo shi."

Ranar Talata yana da darasi da ajin ƙarshe. Aji ya ragu, wasu iyaye sun kwashe 'ya'yansu sun bar gari, wasu yaran kuma sababbi ne, waɗanda aka gudo da su daga Borno da Yobe. Hikima tana layi na uku kusa da taga. Ya rubuta shekarun yaƙin a allo. Ya yi musu bayanin kuza da ɗiban gwamna, da wanda ya rubuta wasan, da abin da mai igiya ya faɗa ranar jana'iza. Ya sa wani ya karanta layin rumfar da ƙarfi. Bai dubi layi na uku ba sam. Muryarsa yadda take kullum.

Wata yarinya daga cikin baƙin ta kifa kai a kan tebur.

Wani mai suna Amir ya ɗaga hannu. "Malam, to yanzu in ta fito a jarrabawa wanne za mu rubuta? Na da ko na yanzu?"

"Masu duba takarda jagora suke bi."

"Wato na da ke nan."

"Na gaya muku abin da yake gaskiya. Na kuma gaya muku abin da ke kawo maki."

"Kai, Malam, ka haɗa mu da aiki," in ji Amir, aka ɗan yi dariya.

Sai Hikima ta miƙe. Ba ta ɗaga hannu ba.

"Malam, ina da tambaya. Shi ɗan, da ya tsaya a gaban uban a kasuwa, ya san duk wannan?"

"Bai sani ba."

"Yaushe ya sani?"

"Bayan an binne uban."

"To me ya amfane shi?" in ji ta. "Uwar tana ta yawo ita kaɗai. Ɗan ya dawo bai ga wanda ya tare shi ba. Shi yana can yana kallon hanya, ba wanda ya sani sai mai igiya. Malam, ni a ganina jagora bai yi ƙarya ba. In mutum yana da abu a zuciya ya hana waɗanda suke bukatarsa, ai da shi da marar shi duk ɗaya ne."

Ya tsaya da alli a hannu. Akwai amsoshi, ya san su. Zai iya cewa zamani ne, zai iya cewa haka aka rene su. Ya duba ya ga babu wadda za ta kai layi na uku.

"Tambaya ce mai kyau," ya ce. "Zauna."

Aka buga ƙararrawa.

Watannin da suka rage suka wuce kamar yadda irinsu ke wucewa. Aka yi zaɓe, aka ce abubuwa za su gyaru. Kadijatu ta daina fita da hoton, ta sa shi a cikin Alƙur'aninta. Sau biyu Malam ya tsaya a ƙofar ɗakin Hikima da rana tana karatu, ya yi gyaran murya, da ta ɗago ya tambaye ta ko biro ya ishe ta. Ta ce ya isa.

Kwana uku bayan takardar ƙarshe ya raka ta tashar Kaduna da sassafe. A lokacin ba a barin ɗan rakiya ya shiga. Ana tsayawa a layi a bakin ƙofa, a buɗe jaka, a shafa mutum da na'ura. Suka tsaya a layin tare, yana riƙe da jakarta. Saura mutum huɗu a gabansu ta juyo.

"Baba."

"Na'am."

"Na gane abin da ka yi a aji. Ba wai ban gane ba." Ta sunkuyar da kai. "Ka kira sunansa sau ɗaya in ji. Sau ɗaya kawai. Wallahi in ka kira, a mayar da jakar nan gida."

Layi ya matsa. Saura uku. Sunan yana nan a bakinsa, shi ya raɗa wa jaririn shi a kunne shekara talatin da suka wuce, a ɗaki, ba kowa. Ya buɗe baki. A bayansu wata mata tana faɗa da ɗan dako, a gaba mai na'ura yana cewa a matso. Ya ji kamar an ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Ya kuma ji wani abu ban da kunya, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba: muddin bai kira sunan ba, to ba zai ji ya kira babu mai amsawa ba.

"Ki gaida goggonki," ya ce. "In kun isa ki kira innarki."

Ta karɓi jakar daga hannunsa. Ta durƙusa har ƙasa yadda aka koya mata, ta tashi, ta shiga. Ya tsaya har motar ta fito ta wuce shi. Tana gefen taga, amma ɗaya gefen.

A ƙarshen shekarar ya yi ritaya. Aka yi masa ɗan biki a ɗakin malamai, Alfred ya yi jawabi ya sa kowa dariya, aka ba shi agogon bango. Wanda ya gaje shi saurayi ne, ya karɓi littafin wasan da jagoran duka biyu. Hikima takan kira wayar uwarta duk Juma'a. In sun gama takan ce, "Ki gaida Baba," Kadijatu ta ce, "Ga shi nan kusa," ta ce, "A'a, kati ya kusa ƙarewa."

Kafin ritayar, da sakamako ya fito, shugaban makaranta da kansa ya kawo masa takardar har tebur. Tambayar Bappayo ta fito a shekarar, ita ce mai maki mafi yawa. Yawancin ajin sun sami matsakaici. Yarinyar nan baƙuwa da ta kifa kai ta faɗi. Hikima ce ta fi kowa, ta ci Hausa da daraja ta ɗaya.

"Barka, Malam," in ji shugaban. "'Yar gida ta fitar da mu kunya."

Malamai suka taso suna miƙa masa hannu. Ya karɓa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa madalla, madalla. Da suka watse ya sake duba lambar da ke gaban sunanta, wadda amsar jagora kaɗai ke kawowa, ya ninke takardar biyu, ya mayar wa masinja ya kai ofis.